Nazarin Matsalolin Duniya ta Hanyar Karatun Intanet: Abin da Karkarar Arewacin Kano Za Ta Koya da Abin da Za Ta Koyar

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga birnin Kano ta nufi Bichi, ko kuwa wadda ta nufi Ɗambatta, zai lura da cewa gona ce take bin gona har iyakar ganinsa. Babu daji, babu saura sai ɗan abin da ba a rasa ba, gidaje kuma ga su nan a warwatse a tsakanin gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya. A cikin irin waɗannan gidaje ne a yau ake samun malamin firamare, ko ma'aikacin ƙaramar hukuma, ko matar aure, waɗanda suke karatun digiri ta wayar hannu ba tare da sun bar garinsu ba. Daga cikin abin da ake karantar da su akwai darussan da suka shafi matsalolin duniya baki ɗaya, irin su sauyin yanayi da yawan jama'a da ƙarancin abinci da ƙaura da rikice-rikice.

A cikin wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bayyana yadda irin wannan karatu yake, da kuma sharaɗin da zai sa ya yi amfani. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa ɗalibin wannan yanki ba zai fahimci matsalolin duniya ba sai an koya masa ya karanta ƙasarsa da harshensa a matsayin hujja, kuma kayan aikin da zai yi haka da su su ne tarihi da nazarin harshe da adabi da manɗiƙi. In ba haka ba, abin da za a yaye shi ne mai haddace bayanin da wasu suka yi a kan gonar ubansa, alhali gobe shi ne zai zauna a ofis ya yanke shawara a kan gonakin jama'a.

2.0 Ma'anar Fannonin Faɗaɗa Tunani

Ya kamata a fara da warware suna, domin har yanzu Hausa ba ta tsayar da kalma guda ga wannan nau'in ilmi ba. Sunan da Turawa suke kiran sa da shi ya samo asali ne daga wata kalmar Latin mai ma'anar 'yantacce, watau ɗa, kishiyar bawa. Manufarsu ita ce ilmin da ya kamaci mutumin da zai sa baki a cikin sha'anin garinsu, saɓanin horon da ake ba mutum don ya iya sana'a guda kawai. A makarantun Turai na tsakiyar zamani an kasa shi gida bakwai. Ukun farko su ne nahawu da balaga da manɗiƙi, sauran huɗun kuwa su ne lissafi da handasa da kiɗa da ilmin taurari. A jami'o'in yau an faɗaɗa shi ya haɗa da tarihi da adabi da falsafa da nazarin zaman jama'a. A nan za a kira shi fannonin faɗaɗa tunani.

Wanda ya san karatun zaure ba zai ga baƙon abu a cikin wannan jeri ba. Almajirin ilmi a Kano ko Katsina ko Zariya, bayan fiƙihu da tauhidi, yakan karanci lugga da nahawu da sarfu da balaga da manɗiƙi, wani ma ya zarce zuwa hisabi da sanin taurari. Daga irin wannan tarbiyya ce Muhammadu al-Katsinawi ya fito, wanda ya yi rubutu a kan lissafi, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Haka nan sanin halin da duniya take ciki ba da intanet ya fara ba. Fatake sun kai Gwanja neman goro, alhazai sun ratsa Cadi da Sudan a ƙasa, tun 1957 kuma Sashen Hausa na BBC yake kawo labarin duniya har gindin bishiya. Sabon abu a yau shi ne an mayar da wannan sani darasi mai jarrabawa da takardar shaida.

3.0 Karatu Daga Nesa a Nijeriya

Koyarwa daga nesa ta girmi intanet ƙwarai. Jami'ar Afirka ta Kudu ta fara koyarwa ta hanyar wasiƙa a 1946, Ingila kuma ta kafa Buɗaɗɗiyar Jami'arta a 1969, inda aka haɗa littafi da rediyo da talabijin. A Nijeriya an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 domin horar da malaman firamare suna bakin aikinsu. A 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, amma gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ba a farfaɗo da ita ba sai a zamanin Shugaba Obasanjo, a 2002. Ita ce ake taƙaita sunanta da NOUN, jama'a kuma suna kiran ta jami'ar karatu daga gida. Wani ɗan Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu, ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Bayan cibiyarta ta cikin birnin Kano, an buɗe cibiyoyin karatu a ƙananan hukumomin Kano ta Arewa, ciki har da Bichi da Ɗambatta.

Tsarin karatun a taƙaice shi ne: ɗalibi ya yi rajista ta intanet, ya sauke littattafan darasi a wayarsa ko kwamfutarsa, ya amsa tambayoyin gwaji ta intanet, sa'an nan ya je cibiya ya zauna jarrabawa. Kowane ɗalibi, ko da lissafin kuɗi yake karantawa, dole ne ya ɗauki darussan bai-ɗaya, waɗanda suka haɗa da al'ummun Nijeriya da al'adunsu, da falsafa da manɗiƙi, da nazarin zaman lafiya da sasanta rikici. Waɗannan darussa su ne babbar ƙofar da fannonin faɗaɗa tunani suke shiga karatun mafi yawan ɗalibai. Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya sa sauran jami'o'i ma suka waiwayi wannan hanya, ko da ba su shirya mata ba.

4.0 Karkarar Kano a Matsayin Darasi

Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne cewa ƙasar da suke zaune a kai ta daɗe da zama babi a cikin muhawarar masanan duniya. Misalai uku za su isa.

4.1 Yawan Jama'a da Ƙarfin Ƙasa

A 1798 wani masanin Ingila, Thomas Malthus, ya yi hasashen cewa jama'a sukan ƙaru fiye da yadda abinci yake ƙaruwa, saboda haka ƙarshen cunkoso shi ne yunwa. A 1965 wata masaniya 'yar ƙasar Denmak, Ester Boserup, ta kawo akasin haka, ta ce matsin jama'a shi yake tilasta wa manomi ya ƙara wa gonarsa aiki da dabara, har ta ba da amfani fiye da da. A wannan shekara ce Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya buga bincikensa na farko tare da wani abokin aikinsa a kan yankin Kano mai cunkoson jama'a. Abin da ya tarar shi ne gonakin da ake nomawa kowace shekara ba hutu, amma ba su mutu ba.

Sirrin ba ɓoyayye ba ne ga ɗan yankin. Ana ɗaure awaki da tumaki a gida da damina, a tara takinsu a kai gona da rani. A da jakai sukan kai itace birni, su komo da mangaloli cike da shara da toka. Ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a gona guda, harawa da kara su zama abincin dabba, dabba ta mayar da su taki. Gawo kuwa yana zubar da ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa shuka rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Wani bincike a kan itacen girki a Kano, wanda aka buga a 1990, ya nuna cewa itatuwan gonakin da suke kewaye da birni ba su ƙare ba kamar yadda aka zata, domin kowace bishiya tana da mai ita.

Amma fa labarin bai tsaya nan ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi ta buga littafinta a 1977, ta fi mayar da hankali ga talaucin da cunkoso yake haifarwa: gonakin da rabon gado ya daddatsa, da magidantan da ba su da abin nomawa. Ɗorayin da ta gani gonaki ce, yau birni ya haɗiye ta, kamar yadda yake cin gonakin Ungogo da Dawakin Tofa fuloti bayan fuloti. Wa ya yi daidai ke nan? Amsa wannan tambaya aikin manɗiƙi ne da tarihi: a san wace shekara ake magana a kanta, da wane ƙauye, da gidan wa, mai shanu ko wanda ko akuya ba shi da ita. Ɗalibin Makoɗa ko Tsanyawa yana da damar auna maganar duka ɓangarorin da abin da idonsa yake gani, damar da ɗalibin Landan ba shi da ita.

4.2 Gyaɗa da Kasuwar Duniya

Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka kuma buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, auduga Turawan mulki suke sa rai za a fitar domin masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba farashi, suka zaɓi gyaɗa, wadda in kasuwa ta faɗi ana iya ci, harawarta kuma ta yi wa dabbobi amfani. Jan Hogendorn ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa na 1978. Daga nan ne dalar gyaɗa ta taso, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, ga kuma hankalin gwamnati da ya koma kan man fetur, su suka kawo ƙarshen wannan zamani.

Alaƙar ba ta yanke ba, kaya ne kawai suka sauya. Daga kasuwar Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, ake ɗaukar riɗi zuwa ƙasashen Asiya, zoɓo kuma har Meziko. Yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a 2022 ya tayar da farashin takin zamani da alkama. Rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023, har zuwa Maris na 2024, ya taɓa cinikin wake da dabbobi. Darasin da za a ɗauka a nan shi ne cewa manomin Kano tun 1912 mai lissafi ne a cikin kasuwar duniya, ba ɗan kallo ba. Littafin da ya nuna shi a matsayin wanda abubuwa suke faɗo wa kawai ya rage rabin labari.

4.3 Fari da Yunwa

Bahaushe yakan raɗa wa yunwa suna, sunan kuma ya zama ma'ajiyar tarihi. Ta 1913 zuwa 1914 ana kiran ta Kakalaba, ta 1927 kuwa 'Yar Buhu. Michael Watts, a littafinsa na 1983 a kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya dogara da irin waɗannan sunaye da bakin dattawa tare da takardun mulkin mallaka, ya kawo hujjar cewa harajin kuɗi da karkata ga amfanin gona na sayarwa sun raunana rumbun talaka, har farin da a da ake jurewa ya zama halaka. Wannan ya yi kusa da ra'ayin Amartya Sen na 1981, cewa sau da yawa mutane sukan mutu da yunwa alhali akwai abinci a kasuwa, abin saye ne babu. Shi wannan haraji, tare da jangali, gwamnatin Abubakar Rimi ce ta soke su a Jihar Kano a 1979.

Ga mai karatun sauyin yanayi wannan muhimmin gargaɗi ne. Fari al'amarin sama ne, amma yunwa al'amarin mutane ce, watau wa yake da hatsi, wa yake bin wa bashi, wa ya ci da wa. Shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Kano take cikin jihohin da ya shafa, zai fi samun gindin zama idan masu gudanar da shi sun san dalilin da ya sa bishiyar cikin gona take rayuwa, ta bakin hanya kuwa, wadda ba ta da mai ita, akuya take cinye ta.

5.0 Matsayin Harshe

Nan ne aikin malaman Hausa ya shigo. Kusan dukkan littattafan darasin da ake saukewa da Turanci aka rubuta su, in ban da na masu digirin Hausa da sauran harsuna. Illar ba ta tsaya ga wahalar fahimta ba. Kowane harshe yana yanka duniya ne gwargwadon bukatar masu shi, kuma a sha'anin ƙasa da noma da rashi, wuƙar Hausa ta fi kaifi a wannan yanki.

Alal misali, inda littafi zai yi amfani da kalma guda ga duk wanda ya bar garinsu, Hausa ta bambanta cin rani da ƙaura da gudun hijira da almajiranci da fatauci. Ɗan cin rani yakan tafi bayan kaka ya komo kafin shuka, ya rage wa rumbu baki, ya kuma kawo kuɗin taki. Tafiyarsa dabarar riƙe gona ce, ba alamar barin ta ba. Wanda ya lissafa shi a cikin waɗanda sauyin yanayi ya kora ya yi kuskure tun daga kalma. Haka kuma akwai tazara tsakanin rashi da talauci da fatara da tsiya, kamar yadda take tsakanin jigawa da fadama da fako, ko tsakanin karkara, a ma'anarta ta ƙasar da ake takinta ana nomawa kullum, da saura wadda aka bari ta huta. Kalmar binne kaɗai, watau shuka a busasshiyar ƙasa kafin saukar ruwa, ta ƙunshi lissafin kasada da manomi yake yi da damina mai gardama.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai sababbin kalmomin da kafofin watsa labarai suka ƙirƙiro, irin su ɗumamar yanayi da kwararowar hamada. Sun yi amfani, amma suna bukatar a tsaya a kansu. Kwararowa tana sa mutum ya hango rairayi yana malalowa daga arewa kamar ambaliya, alhali abin da ya fi faruwa shi ne ƙasa ta gaji a inda take, saboda rashin taki ko sare itace ko zaizaya. Wanda ya ɗauki hoton farko zai nemi katanga, wanda ya ɗauki na biyu kuwa zai nemi taki. Na sha duba rubutun ɗaliban da suka fito daga wannan yanki, in tarar sun kwafo bayanin hamada daga littafi, ba su ambaci ko bishiya guda ta gonar gidansu ba. Da na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili, sai ya ce bai zaci wannan ma ilmi ba ne.

6.0 Matsaloli da Hanyoyin Gyara

Matsalolin fili sanannu ne: rashin tsayayyar wutar lantarki, da tsadar data, da raunin sabis a wasu ƙauyuka, da wahalar karanta littafi mai shafi ɗari biyu a fuskar waya. Ga kuma damina, wadda ba ta jiran jadawalin jarrabawa. Duk da haka alfanun a bayyane yake, musamman ga matan aure da ma'aikatan da ba za su iya barin iyali su tare a birni ba.

Matsalar da ta fi zurfi ita ce ta hanyar koyarwa. Fannonin faɗaɗa tunani da muhawara suke rayuwa. A zaure almajiri yakan ja baƙi, malam ya fassara, a yi tambaya, a kawo ja, a warware. Jarrabawar zaɓi ɗaya daga cikin huɗu tana iya gane wanda ya haddace shekarar da Malthus ya yi rubutu, amma ba za ta gane wanda zai iya ja da shi ba. Saboda haka ana ba da shawarwari huɗu.

Na farko, cibiyoyin karatu na ƙananan hukumomi su zama zaurukan tattaunawa na mako-mako, kada su tsaya a ɗakunan jarrabawa. Na biyu, kowane darasi a kan matsalar duniya ya ƙunshi aikin fili, kamar a tura ɗalibi ya ɗauki muryar dattijo ko dattijuwa a kan farin 1973, ko ya bi buhun riɗi daga gona zuwa Dawanau yana rubuta farashi a kowane hannu. Wayar da yake karatu da ita ta isa wannan aiki. Na uku, sassan Hausa na jami'o'inmu, tare da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, su tanadi ƙamus na kalmomin muhalli da tattalin arziki, wanda zai tattaro na manoma kafin ya ƙirƙiri sababbi. Na huɗu, a riƙa naɗar taƙaitaccen bayanin darussa da Hausa a cikin murya, domin saƙon murya ya fi sauƙin sauka inda sabis yake da rauni, jama'ar da ta saba da rediyo kuma ba za ta ga baƙonsa ba.

7.0 Kammalawa

An nuna a cikin wannan maƙala cewa fannonin faɗaɗa tunani suna da tsohon tushe a ƙasar Hausa, kuma karatu daga gida ya kai su ƙauyukan da jami'a ba ta taɓa isa ba. An kuma nuna cewa manyan tambayoyin duniya a kan yawan jama'a da kasuwa da yunwa an riga an gwada su a gonakin Kano, masana daga nesa sun zo sun ɗebi hujja sun tafi da ita. Abin da ya rage shi ne 'ya'yan masu gonakin su shiga muhawarar da kansu, da kalmominsu, su karɓi abin da ya inganta, su gyara abin da ya karkace. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin jami'a, ta zaure ce ko ta intanet, shi ne ta koya masa yadda zai bayyana wurin yoyon da hujja, ya kuma gwada shi da na ɗakunan maƙwabta na kusa da na nesa.